Yatsan da Ya Danna Maɓallin

"Ko jirgin sama ya sayo, Uwata, ba zai sake tako min ƙofa ba."

Ɗana ke nan, tsaye a tsakiyar falo, garin katako har a girarsa, don daga wurin aiki ya shigo bai ko wanke fuska ba. 'Yarsa tana zaune a hannun kujera, hannunta na dama a naɗe da farin bandeji, rataye a wuya. Ta ce masa tsautsayi ne. Ya ce wannan tsautsayin yana da uba, kuma ya ga uban da idonsa. Ta ce bai ga komai ba, ƙarshen abin kawai ya tarar. Ya ce ƙarshen ya ishe shi. Suka yi ta ja, ita murya ƙasa-ƙasa, shi yana ɗaga hannunsa na hagu, wanda injin yankan katako ya cinye wa rabin yatsa tun tana goye, yana cewa babu wanda zai koya masa darajar hannu. Daga ƙarshe ya yanke: bayan la'asar zai kira kawun yaron, ya ce musu zuwan da za su yi ranar Asabar don neman aurenta, su bar shi.

Ni kuwa ina lungu a kan dardumata, ina jan carbi kamar mutuniyar kirki.

Ku da kuka saba karanta ni a shafin nan kun san magana ba ta kwana a cikina. Wanda kuma yau ya fara, to ya sani ni ce kakar yarinyar. Sunana aka sa mata, shi ya sa ubanta ke ce mata Uwata, ni kuma Takwara. Labarin unguwar nan kaf ni ke kawo muku shi da ɗuminsa, wa ya saki wa, wa ya yi yaji, wa ya shafa man da ya ƙone masa fuska. Amma yau kwana tara ina riƙe da labari guda, mafi girma da na taɓa samu, na kasa ba kowa. Dalili kuwa, a cikinsa ni ce mai laifin.

Bari in koma baya kaɗan.

Takwara mai kitso ce. Tana da ɗan shago a bakin titi, madubi biyu, kujera uku, da wata fanka mai kukan akuya. Yatsunta kuwa sai wanda ya gani. Tana hira tana dariya, kafin ki ankara ta gama miki rabin kai. Duk Laraba take zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta kama 'yan furfurata, tana tsokanata wai gashin nawa bai kai na goge tukunya ba.

Saurayin nata mai gyaran lif ne, irin wanda ke ɗaga mutane a dogayen benaye. Ranar da ya fara zuwa na leƙa ta taga na ga wata jar mota babu kai. Na ce wa Takwara, wannan wane irin talauci ne, mutum ya sayi mota bai ƙarasa biyan rufin ba? Ashe rufin yana nan, na baƙin tamfol, a naɗe cikin wani rami bayan kujerun baya. In ya danna maɓalli sai murfin ramin ya ɗaga, wasu ƙarafuna su miƙe suna buɗewa kamar almakashi, tamfol ɗin ya biyo su ya lulluɓe motar. Tsohuwa ya saye ta, ya shekara biyu yana gyara ta da hannunsa. Tun ranar na sa masa Mai Laima. Shi kuma ya sa min Direba, saboda in na zauna a kujerar mai zaman banza ba na barinsa ya sha iska: bi nan, rage gudu, ga rami, wancan gidan matar ta gudu.

Yaron nan akwai ƙa'ida, har ta yi yawa. Rufin motar nan kaɗai yana da dokoki kamar na shiga ɗakin tiyata. Ba ya taɓa shi sai ya tsaya cak a wuri mai daidai, ya ja birkin hannu. Sai ya ɗaga kai ya duba sama, ko akwai reshe ko waya ko rumfa. Sai ya waiwaya ya tabbatar babu jaka ko lema a bakin ramin. In tamfol ɗin a jiƙe yake ba ya naɗe shi, wai zai yi funfuna. In ya danna kuma ba ya ɗaga yatsa sai motar ta yi ƙara tit, don barin rufin a rabi, in ji shi, shi ne mafi haɗari, yana iya saukowa da kansa. Amma babbar dokar ita ce kalma guda. Kafin ya danna sai ya ce, "Hannuwa." Duk wanda ke cikin motar ko a kusa da ita sai ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ga su." In mutum ɗaya bai amsa ba, to za a kwana a nan.

Na sha yi masa shaƙiyanci a kai. Ina ɗaga hannu ina cewa na tuba, ranka ya daɗe, ban saci komai ba. Ya yi dariya, amma wata rana ya ce min, Direba, a wurin aikinmu na ga abin da inji ke yi wa hannu, inji ba ya jin wayyo. Na ce to malam, na ji. Kuma wallahi na ji. Dokokin nan na haddace su tsaf, har ina karanta masa kafin ya fara. Wannan haddar ce ta kai ni ta baro.

Ranar Litinin ta makon jiya ya kai ni asibiti duba gwiwa, Takwara ta raka mu. Na sa leshina ruwan toka da gyalen da ba na sawa sai za a gan ni. A hanyar dawowa rufin a buɗe, na sa gilashin Takwara baƙi, ina ɗaga wa mutane hannu kamar matar gwamna. Da muka iso ƙofar gida sai ya zamana na bar sandata a ɗaki, motar kuma a ƙasa take, fitowa sai da dabara. Mai Laima ya ce bari ya ɗauko min, ya gaida ɗana a shagonsa na bayan gida. Ya ja birki ya fita. Bai kashe motar ba, don ina sauraron wani shiri a rediyo na ce kada ya katse min.

Sai ga Jarida. Maƙwabciyata ce, ƙawata kuma abokiyar gasata, shekara talatin muna rige-rigen wa zai fara jin labari. Ta tsaya a gefen tagata da bokitin shara, ta dubi hadarin da ya haɗo, ta dube ni, ta ce yanzu ruwa zai same ni a cikin kwando babu murfi, gilashi da duka. Ta ce ai motar ta fi ƙarfina, zama kawai na iya.

Jama'a, da na yi shiru.

Na ce mata ni ma ina rufewa. Ta ce ƙarya. Na ce tsaya ki gani. Na bi dokokin ɗaya bayan ɗaya ina faɗa da ƙarfi don ta ji. Mota a tsaye take. Birki a jaye. Na ɗaga kai, sama babu komai. Waiwaye ne ya gagare ni, wuyana ba ya juyawa tun bara, amma na ji ƙarar ƙofar baya tun ɗazu, na ɗauka Takwara ta shige gida. Na miƙa yatsa kan maɓallin, na gyara murya na ce, "Hannuwa."

Jarida ta ajiye bokiti, ta ɗaga hannu biyu tana dariya ta ce, "Ga su."

An amsa min. Na danna.

Takwara ba ta shiga gida ba. Tana tsaye a bayana, ta sunkuya tana jawo ledar kayan kitso da ta faɗa ƙasan kujerar baya, abin sauraron waya a kunnenta tana magana da wata mai son kitso, hannunta na dama dafe daidai inda ƙarafunan ke haɗuwa. Ƙarar da ta yi ba mai ƙarfi ba ce. Wani ɗan sauti ne kamar an taka kyanwa. Na saki maɓallin, rufin ya tsaya a rabi da yatsunta a ciki. Na daskare. Duk haddar nan ta gudu, ban san ko gaba ake dannawa ko baya ba.

Mai Laima ya fito a guje, ya jefar da sandar, ya zura hannu ta gefen direba ya mayar da rufin baya a hankali har ƙarfen ya sake ta. Yana nan tsaye, yatsansa a kan maɓallin, ɗana ya fito. Abin da ya gani ke nan: 'yarsa durƙushe a ƙasa, jini a kan zanenta, yaron da hannu a kan maɓalli, uwarsa tsohuwa a gefe da baƙin gilashi. Ya tambaya wa ya yi wannan. Na buɗe baki. Kafin iska ta fito Mai Laima ya ce, "Laifina ne, Baba."

Na rufe bakina. Jarida ta ɗauki bokitinta ta sulale.

Yatsu biyu suka karye, manuni da na tsakiya. Likita ya ce manunin zai warke, na tsakiyan sai an kwance an gani, mai yiwuwa ya daina lanƙwasuwa. A barandar asibitin ɗana ya cakumi wuyar rigar yaron a gaban mutane, ya kira shi ɗan ƙarya mai wasa da rayukan 'ya'yan mutane don a ce yana da mota. Yaron bai ɗaga kai ba. Ina zaune a benci ina kallo, maɓallin rigarsa guda ya tsinke ya gangaro har gaban takalmina. Yana cikin jakata har yanzu.

Tun ranar gidan ya zama kamar an yi rasuwa. Shagon Takwara a rufe. Wayarta ba ta daina ƙara, masu kitso suna tambayar yaushe, tana amsa musu da babban yatsan hagu, harafi ɗaya ɗaya. Kaina a tsefe yake tun wancan makon, na ɗaure shi da kallabi, ba na ko son madubi. Abinci in an kawo min sai in juya cokali in rufe. Surukata ta ɗauka tausayin jikata ne, har tana ce wa mutane a waya Inna ta fi kowa shiga damuwa. Ni kuwa in amsa da Allah sarki.

Kun san hali ba ya barin mai shi. Shekaranjiya Takwara ta shiga wanka, uwarta na taya ta, ta bar wayar a kan gado. Karatuna ba mai nisa ba ne, amma saƙon saurayi ko da wane rubutu aka yi shi ina gane shi. Na ɗauka. Ya rubuta: "Yaya hannun? Kin sha na rana? Kada ki ja da Baba, yana da gaskiyarsa." A ƙasa kuma: "Direba fa, tana cin abinci?" Takwara ta amsa masa da kalma ɗaya: "A'a." Ya ce: "Ki lallashe ta." Ba ta amsa wannan ba.

Na ajiye wayar kamar ta ƙone ni. Ni ma ya turo min nawa tun kwana biyu da faruwar abin, saƙon murya, na saurara ya fi sau ashirin a ƙarƙashin bargo. Ya ce, "Direba, kada ki ce komai. Ban yi wa Baba ƙarya ba, ni na bar makulli a jiki, kuma na san dokar. Fushinsa a kaina zai huce. A kanki ban san yadda zai yi da shi ba." Sai na riƙe wannan maganar na mai da ita matashin kai. Ai shi ya ce in yi shiru. Ai zai huce.

Jarida ma ta turo nata. Wai ƙawata, ya mai jiki, ni fa ban ga komai ba ranar, shara na fito zubarwa. Kun ji. Manyan bakuna biyu na unguwa, an ɗinke su da zare ɗaya. Da a kan wata abin ya faru, da kafin magariba har mai gadin makaranta ya ji.

To, mu dawo yau.

Bayan ɗana ya koma shago, Takwara ta zo ta zauna kusa da dardumata. Ta zare min kallabi, ta ɗauko matsefi da hannun hagu ta fara taje min kai, a karkace, tana fizga ba da niyya ba. Ta gwada raba gashin gida uku, ya zame. Ta sake, ya zame. Ta ajiye matsefin a cinyata ta tashi. Na ce Takwara. Ta tsaya tana jira, bayanta gare ni. Na ce ta miƙo min ruwa.

Aka yi la'asar. Na ji shigowarsa, na ji ya wanke hannu, na ji kujerar falo ta yi ƙara. Na taso da sandata na tsaya bayan labulen ƙofar ɗakina, wurin da na saba tsayawa in an yi baƙi. A nan na ji labarai da yawa a rayuwata. Na ce a raina yana fara neman lambar zan fito. Ya nemo. Na ce to, bari ta shiga. Ta shiga. Na ce bari su gama gaisuwa, ba a katse manya. Suka gaisa, aiki, iyali, gajiya. Sai ya ce, cikin ladabi, ba tare da zagi ba, maganar ranar Asabar a bar ta, ba ɗagawa ba, bari. Ya ce ba zai iya damƙa 'yarsa a hannun da bai san ya duba baya ba. Daga can na ji muryar dattijon yana ba da haƙuri. Ɗana ya ce ya riga ya gama magana, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ya kashe.

Sai a lokacin ƙafata ta yarda ta motsa.

Na fito. Takwara na tsaye a ƙofar kicin, uwarta a bayanta. Ban zauna ba, don na san in na zauna zan nemi ruwa. Na ce, "Ni na danna."

Ya ce me na danna. Na faɗa masa duka, tun daga sandar har bokitin Jarida, har kalmar da na faɗa da wadda ta amsa. Labarin da na fi kowane iya bayarwa, na ba da shi babu gishiri, ina kallon kafet.

Da na gama, ɗana ya juya wurin 'yarsa ya tambaye ta ko ta sani.

"Kunne ɗaya na sa wa abin, Baba," in ji ta. "Na ji muryarta ta ce hannuwa. Ban kai ga ɗagowa ba."

Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce yaron ya roƙe ta, kuma ba daga bakinta ya kamata a ji shi ba. Sai ta dube ni, karo na farko a kwana tara da ta dube ni sosai, ba fushi a fuskar, da ma fushin ne da sauƙi.

"Kullum da safe sai in ce yau za ki faɗa, Kaka. Ke da ba kya iya riƙe maganar kowa."

Ɗana ya zauna, ya tashi. Ya dubi hannunsa, wanda ya cakumi rigar. Shekararsa hamsin da huɗu bai taɓa ɗaga min murya ba, yau ma bai ɗaga ba. Ya tambaye ni a hankali, kamar mai tambayar mara lafiya.

"Inna, lokacin da nake wayar nan, kina ina?"

Da na iya cewa ina salla. Da na iya cewa barci ya ɗauke ni. Ƙarya uku suka zo min a jere, kowacce da takalminta.

"Ina bayan labule."

"Tun daga farko?"

"Tun daga sallama."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki hularsa a kan talabijin. Wayar tana kan tebur, ya dube ta, bai ɗauka ba. Matarsa ta tambaye shi ina za shi, ya nufi ƙofa. Na bi shi da sandata ina kiran sunan da nake kiransa tun yana rarrafe, ina cewa ya tsaya ya kira su, ni zan yi magana, ni zan je har gidan da ƙafata. Na kai bakin ƙofa na dafa katakon gefe, daidai inda ƙofar ke rufuwa.

Ƙofar nan shi ya yi ta da hannunsa, shekara ashirin da suka wuce. Babu yaron da ya tashi a gidan nan bai sha faɗa a kanta ba. Kullum maganarsa ɗaya ce, a duba baya kafin a rufe, akwai hannun mutane.

Takwara ce ta fizge ni baya da hannun hagu. Bai waiwaya ba. Ya ja ƙofar ya buga ta, har hoton babansa ya karkace a bango.